Daren Gala Daga Bakin Shagon Baba

Kafin a manna takardar sanarwa ko ɗaya a bangon gari, mu 'yan Zango kunnenmu ne ke gaya mana FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, ta ƙarato. Mabugan da ke bayan gidanmu, waɗanda a sauran watanni sukan tashi daga aiki da la'asar sakaliya, sai su zarce har bayan isha'i. Mutum biyu ke zama suna fuskantar juna, gungumen itace a tsakaninsu, kowa da mabuginsa, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, shadda tana ta shan duka tana ƙara ƙyalli. Da wannan sauti nake barci duk bayan shekara biyu, a ƙarshen Fabrairu, lokacin da hunturu ke naɗe tabarmarsa, ƙura ba ta gama lafawa ba, zafi kuma ya fara leƙowa da tsakar rana.

Mosawa suna ce wa unguwarmu Zangwetin, wato mazaunin Hausawa. Mu kuwa Zango kawai muke cewa, kamar babu wani Zango a duniya sai namu. A tsakiyar Wagadugu take, tsakanin babbar kasuwar Rood Woko da filin jirgin sama, titin Kwame Nkrumah yana gifta gefenta. Kakanninmu fatake ne da ke bin hanyar Gwanja neman goro, suka yada zango a ƙasar Moro Naba, zama ya yi daɗi, suka kira iyali. A wancan lokacin gidajen laka ne jingine da juna, lunguna da babur biyu ba sa iya gogayya a ciki, makarantar allo a kowane zaure, ga mahauta, ga wanzamai, ga teloli. Yarbawa da Fulani da Zabarmawa duk muna cakuɗe, amma harshen ciniki a lungunmu Hausa ne. Har wasan dodo da yaran Wagadugu ke yi da azumi, suna bin gida gida da abin rufe fuska, daga wurinmu garin ya koya.

Baba tela ne, kuma gwanin surfani. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, kekunan Singer uku, da keken surfani guda wanda yaran shago ba sa taɓawa sai da izini. Aikin da aka san shi da shi na hannu ne: aska biyu, aska takwas, da tambarin da ke zama a bayan babbar riga. Bai taɓa taka ƙafarsa cikin gidan silima ba har ya koma ga Allah. Duk da haka in ka tambaye shi wa ya fara ɗaukar dokin FESPACO, zai ce maka Umaru Ganda ne, mutumin Nijar, a 1972, ya kuma faɗa da wata irin murya kamar ɗan ɗakinsu ne ya ci. Dokin shi ne Ingarman Yennenga, babbar kyautar bikin, mutum-mutumin gimbiyar nan da Mosawa ke cewa daga gare ta suka fito, tana kan doki da mashi a hannu. A 1969 aka fara taron, ɗan ƙaramin taro ne na nuna finafinan Afirka, wata mata mai suna Alimata Salembéré ke shugabantar masu shiryawa. Kafin in yi wayo ya riga ya zama taron da dukan masu fim na nahiyar ke ƙirga shekarunsu da shi.

A wancan zamanin biki biyu ake yi a mako guda. Akwai na kallo, wanda kowa ke iya shiga in yana da 'yan daloli: Ciné Oubri da Ciné Rialé da ba su da rufi, kana kallon fim taurari na kallonka, da Ciné Burkina mai sanyin na'ura, daga baya kuma Neerwaya. Sai kuma na dare, wanda ke farawa bayan an fito daga fim na ƙarshe. Shi ne bikin gala. Wannan ofishin jakadanci ya kira liyafa yau, gobe wani kamfani, jibi wata ƙasa ta tara baƙi don fim ɗinta, daren rufewa kuma a yi babbar. Ba a shiga sai da kati, farin kati mai kauri da rubutun zinariya, kuma a makon nan katin ya fi kuɗi daraja a Wagadugu. Na ga babban ma'aikaci mai mota yana lallashin yaron otal don ya samo masa guda.

Mu ba ma samun kati, amma kusan duk abin da ake yabawa a wurin ta hannunmu ya bi. Da magariba sai in zauna a bakin titi in ƙirga aikinmu yana wucewa. Wagadugu garin babur ne, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai matan garin iya zama kan mobilet da cikakkiyar kwalliya ba: ɗaurin kai ya tashi kamar hasumiya, shadda ta sha bugu tana ƙara, takalmi mai tsini a kan feda, jaka a rataye, ƙura na tashi amma ko ɗigo ba ka gani a jikin tufar. In ce wa abokina, waccan shuɗiyar mu muka yi mata wuya. Waccan galilar kuwa jiya da dare aka gama bugunta a bayan gidanmu. Lallen da ke ƙafar wata Gwaggo ce ta zana shi, kitson kanta ma a tsakar gidanmu aka yi, turaren da ta bari a iska na tsohon da ke kusa da masallaci ne. Kawu kuma, ƙanin Inna, mahauci, a makon nan ba ya kwana gida. Yana can kasuwar bikin, wajen Maison du Peuple, a gaban tukubarsa, tsire da balangu na ta tafiya, har Turawan da ke tsoron yaji su dawo karo na biyu suna nuna ƙuli da yatsa.

Ba kowa a Zango ke son wannan harka ba. Malamin makarantarmu ya sha faɗa a karatun asuba cewa wurin da ake zuba giya, mata na yawo kai buɗe, ba wurin ɗan Musulmi ba ne. Baba bai taɓa yi masa musu ba. Abin da yake cewa in an matsa masa shi ne, shi sutura yake ɗinkawa, kuma bai taɓa ɗinka wadda za ta tona asirin mai ita ba. Da gaske ne. Mace ta zo da hoton riga daga mujallar Faransa, baya a buɗe, sai ya duba ya duba, ya ce, "Hajiya, wannan ba aikina ba ne, amma bari in nuna miki abin da zai fi shi kyau a jikinki." Da yawa sukan tsaya, kuma a bikin gaba su dawo da ƙawayensu.

Sai zamanin Kyaftin Sankara ya zo. A 1983 ya hau mulki, a 1984 aka sauya wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso, kwalliyar dare ma ta sauya. Kyaftin ba ya son almubazzaranci, ba ya son a ce audugarmu ta tafi Turai ta dawo mana da tsada. Aka ce ma'aikata su sa Faso dan fani, tufar da matan ƙasar ke saƙawa. Wasu na ajiye ta a aljihun teburin ofis, sai sun ji shugaba na zuwa su zura, har aka yi wa rigar laƙabi da "Sankara na tafe". A bikin 1985 baƙin da suka saba kwana rawa aka kwashe su zuwa aikin shimfiɗa layin dogo mai nufar Kaya, masu fim na ɗaukar ƙarfe da tsakuwa da hannunsu. 'Yan kasuwar shadda sun yi ƙorafi, ba kaɗan ba. Baba kuwa ranar da aka fara kawo masa dan fani, ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya ce, "Ai wannan saƙi ne. A kansa aka koya mini aska takwas tun ban kai ka ba." Ban taɓa ganin ya yi aiki da nishaɗi kamar a shekarun nan ba. Shadda santsi gare ta, allura na zamewa. Saƙi kuwa yana riƙe zare kamar ƙasar da ta sha ruwa ta riƙe iri.

Bikin 1987 shi ne na goma, ina da shekara 17. A shekarar ne aka buɗe dandalin masu fim da ke gaban ofishin magajin gari, da dogon ginin nan mai siffar faya-fayan fim da aka ɗora kan juna. A shekarar ce kuma baƙaƙen fata na ƙetaren teku suka zo da yawa, daga Amurka da tsibiran Karibiyan, har aka ware musu kyauta mai sunan Paul Robeson. Ɗaya daga cikinsu ce ta shigo shagonmu ranar Talata da hantsi, doguwa, gashinta a tsefe ba ɗankwali, wani ɗalibin jami'a na yi mata tafinta. Ta sayo dan fani fari mai ratsin baƙi da ja, tana son doguwar riga don liyafar daren Juma'a. Ta ga wata babbar riga rataye, ta ɗora yatsa kan askar da ke ƙirji, ta ce irin wannan take so. Baba ya ce wa tafinta, "Gaya mata wannan adon maza ne." Ta ce ta sani, shi take so. Ya yi shiru, ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ɗauko awo. Ya rage tsawon askar, ya karkatar da ita ta bi wuyan rigar mace, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Jaka goma sha biyar ya ce, ba ta nemi ragi ba.

Kwana uku yana kanta. Da dare fitilar ƙwai biyu yake kunnawa ko da akwai lantarki, wai hasken ƙwan lantarki na ɓoye masa kuskure. Zaren siliki ne ruwan ƙwai, yana jan sa ta bakinsa kafin ya zura, tabarau a ƙarshen hanci, ƙafa ɗaya a miƙe, rigar a kan gwiwa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya cire zare na ƙarshe, ya miƙo mini, ya ce, "Goge ta, ka bi a hankali." Dutsen gugarmu na gawayi ne, mai zakara a kan murfi. Na hura shi, na gwada a tsumma, na fara. Ina kan kafaɗar hagu iska ta kaɗo ta ƙofa, wani ɗan garwashi ya fito ta hujin gefe ya sauka kan farin saƙin. Kafin in kaɗe shi ya huda. Ramin bai fi ƙwayar gero biyu ba, amma bakinsa ya yi baƙi, kuma a wurin da ido ke fara sauka yake.

Jikina ya mutu. Na kai masa, na kasa magana, na nuna da yatsa. Yaran shago duk suka tsayar da kekuna. Baba ya ɗaga rigar ya duba ta a hasken ƙofa, ya daɗe. Ya tambayi lokaci, aka ce ƙarfe uku da rabi. Ya ce, "Kawo mini ragowar zaren." Bai ƙara ko kalma ba. Ya kankare baƙin da bakin reza, ya zagaye ramin da ɗinki sirara kamar yadda ake yi wa hujin hula, sannan ya fara fitar da 'yar dagi daga jikinsa, ramin ya zama cibiyarta. Da ya gama sai ya juya kafaɗar dama, ya ɗauki tsinken allura mai kauri ya huda lafiyayyen saƙi da gangan, daidai inda ya dace da na hagu, ya yi masa irin wannan dagin. Ana kiran magariba ya ciji zare. Ya goge ta da kansa, ya naɗe a takarda, ya miƙo mini, ya ce, "Kai ka ƙona, kai za ka kai. Ka wanke ƙafarka, ka sa rigar Sallarka."

Haka na shiga otal ɗin Indépendance karo na farko a rayuwata. A lokacin, a makon FESPACO nan ne cibiyar duniya. Duk wanda ake ji da shi a fim ɗin Afirka a nan yake sauka, ko ya zo ya zauna a bakin tafkin wanka don a gan shi. Na ba da sunan Madam a wurin karɓar baƙi, aka kira ta, ta sauko ta karɓa, ta yi mini alama in jira. Na rakuɓe kusa da wata tukunyar fure, ina jin ƙamshin abinci da ban san sunansa ba. Da ta sake saukowa cikin rigar, mutanen da ke zauren suka juyo. Saƙin ya zauna mata kamar a jikinta aka saƙa shi, askar ta kwanto daga wuya zuwa ƙirji tana ɗaukar hasken fitila. Ta taɓa dagin kafaɗarta, ta ce wani abu, tafintan ya ce mini, "Ta ce wannan ba ta nema ba, kuma shi ya fi burge ta." Na sunkuyar da kai. Sai ta kama hannuna, ta ja ni ta ƙofar da ke fita lambu, mai tsaron ƙofar ya dubi katinta, ya dube ni, ya matsa.

Abin da na gani a daren nan har yau in na rufe ido yana nan. An zagaye tafkin da fitilu, ruwan ya zama kore shar, inuwar mutane na rawa a cikinsa. Tebura da fararen mayafai, masu hidima da tire a tafin hannu suna ratsa jama'a ba sa taɓa kowa. Makaɗa a gefe, gita da kakakin Turawa da ganguna, suna kiɗan nan mai ɗanɗanon Kuba da garin ke so tun zamanin su Amadou Balaké. Ga 'yan Senegal da manyan riguna masu jan ƙasa, ga matan Mali da zinariya a kunne kamar ganyen kuka, ga 'yan Aljeriya da kwat, ga sojojin juyin juya hali cikin dan fani suna magana da hannu, ga Turawa da jar fuska sun sa riga 'yar shara a karkace. Faransanci, Larabci, Ingilishi, Julanci, Fulatanci, duk a tukunya ɗaya. Can ƙarƙashin wata bishiya wani dattijo na zaune da lofe a baki, mutane sun kewaye shi, in ya cire lofen kowa sai ya yi shiru. Tafintan ya raɗa mini, "Sembène ke nan. Ɗaki mai lamba 1 nasa ne, duk bikin da aka yi." A lokacin ban ga fim ɗinsa ko ɗaya ba, amma na san zaman babba in na gan shi, irin zaman Sarkin Zango ne a ƙofar gida ranar Sallah.

Madam na ta jan ni daga wannan rukuni zuwa wancan. Duk wanda ya yaba rigar sai ta nuna ni, tafinta ya ce, ɗan mai ɗinkin ne, daga unguwar Hausawa. Wata mata 'yar Gine ta sa na rubuta mata kwatancen shagonmu a bayan katinta. Aka miƙo mini tambulan, na ce ba na sha, aka sauya mini da zoɓo mai sanyi da na'ana'a. Na kai hannu kan wani faranti na ɗauki tsinke ɗaya, ina kai wa baki na gane yajin. Na Kawu ne, ko na wani da ya koya a tukubarsa, an dai jera shi kan farantin tangaran da yankakken tumatir. Na fara dubawa da idon shago: wancan wuyan aikin maƙwabcinmu ne, waccan hular daga lungun wanzamai ta fito, wancan bugun na bayan gidanmu ne. Zango duk tana wurin, mutanenta ne kawai ba su zo ba. Ban ji haushi ba a daren, alfahari na ji, irin wanda ke cika ƙirji har ya hana ka cin abinci. Haushin daga baya ya zo, da na girma na lura ba a taɓa kiran sunan tela ko mabugi a lasifika ba, alhali ana kiran na wanda ya ba da kuɗin lemo.

Ban wuce awa ɗaya ba. Na koma a ƙasa, na tarar da Baba zaune a rumfa, bai shiga gida ba. Ya ce, "Ta karɓa?" Na ce, "Ta karɓa, Baba. Kowa sai tambaya yake wa ya yi." Ya ce, "Kafaɗar fa?" Na ce ita ta fi so. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki butarsa. Maganar ƙunar ba ta sake fitowa daga bakinsa ba har abada.

Washegari aka ba Med Hondo, ɗan Muritaniya, dokin, saboda fim ɗinsa Sarraounia. Wannan ya taɓa gidanmu ta wata hanya. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da suke ƙona garuruwa suna tafiya gabas. Daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar aka ɗauko shi, a Burkina aka yi fim ɗin, Aï Keïta ta fito a Sarauniya. Kakata ta wajen uwa Ba'ariya ce, da labarin nan ta yi wa Inna reno. Na kalle shi a Ciné Oubri, a kujerun gaba masu arha, ina ta jiran in ji Hausa, sai na ji Julanci da Faransanci sun fi yawa, abin ya ɗan sosa mini rai. Amma da Sarauniya ta fito da bakanta, gidan silima ya tashi tsaye da ihu, na manta. Inna ba ta fita irin wannan wuri, don haka a tsakar gida na ba ta fim ɗin daga farko har ƙarshe, tana tankaɗe tana gyara mini: a'a, ba haka tsohuwa ta ce ba. Ta ce mutanen Sarauniya Azna ne, ba sa salla, amma ba su durƙusa wa Nasara ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Watanni takwas bayan haka, ranar 15 ga Oktoba, aka kashe Sankara. Bikin bai tsaya ba. Shadda ta dawo da ƙarfinta, kwat ya dawo, liyafa ta ƙara girma, kamfanoni suka shigo da tutocinsu. A 1991 Idrissa Ouédraogo ya ci da Tilaï, karo na farko da dokin ya kwana a gida, babura suka kwana suna busa a titi. Wanda jikina ya fi tunawa shi ne na 1995. Shekara guda ke nan da karya darajar sefa, kuɗin shadda ya ninka, ga bikin ya faɗo a goman ƙarshe na azumi, Sallah ta zo a cikin makonsa. Kayan Sallar yaran unguwa a gefe guda, kayan gala a gefe guda, mu da ƙishirwa a kan keke, yaran dodo na wucewa da gangunansu ta bakin shago. Baba ya kafa doka: ba a taɓa rigar baƙo sai an gama ta marayun lungu. Wata matar babban mutum ta yi fushi ta kwashe yadinta. Bai ɗaga kai ba.

A 2003 komai ya zo a tare. A watan Mayu gobara ta cinye Rood Woko. Kafin shekara ta ƙare aka fara rushe unguwarmu da maƙwabtanta, su Tiedpalogo da Peuloghin da wani yanki na Koulouba, don shirin ZACA na gina sabuwar cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Hekta 85 ne, mutum fiye da 12,000. An biya diyya, an raba filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko, can bakin gari. Mun gina gidan siminti da ya fi na da kyau, da famfo a tsakar gida. Sai dai mabuga sun faɗa wani wuri, mai turare wani wuri, Kawu a Nioko, mu a kudu. Rigar da a da take zagaya hannu biyar cikin lungu ɗaya kafin azahar, yanzu sai an ƙona man babur na yini guda. Matan gala ba su san hanyar sabon wurin ba, kuma ba su da dalilin nema, shagunan masu zanen kaya na zamani sun buɗe a tsakiyar gari da gilashi da fitilu. Baba ya kafa kekensa a sabon zaure, ya koma ɗinka wa tsofaffin abokansa rigunan Juma'a. Idonsa ya yi rauni, FESPACO biyu kawai ya ƙara gani.

Sembène ya rasu a 2007, an kafa masa mutum-mutumi kusa da dandalin masu fim, da lofensa. Otal ɗin da na sha zoɓo a lambunsa ya sha wuta da wawaso a boren Oktoban 2014. Titin Kwame Nkrumah, inda nake zama ina ƙirga riguna, ya ga jini a Janairun 2016. Duk da haka ana ta yin bikin, ana ta gala, yanzu da jan kafet da masu ɗaukar hoto da waya, dan fani kuma ya dawo da martabar da ko a zamanin Kyaftin bai samu ba. Ina jin daɗin ganinsa a jikin 'yan mata, da gaske nake ji, ko da yake yawancin surfanin na inji ne, zaren a kwance yake ba ya numfashi.

A bikin 2025, daren da Dani Kouyaté ya dawo wa Burkina da dokin bayan shekara 28, na ɗauki ƙaramin ɗana a babur muka shiga gari. Kafin mu je dandali na ratsa da shi ta tsohuwar unguwa. Benaye ne yanzu, da filayen da aka kewaye da kwano, ciyawa ta bushe a ciki. Na tsaya a bakin titi, na ƙirga taku kamar yadda ƙafata ta saba, saba'in zuwa lungun wanzamai, sannan hagu, ashirin da biyar. Na tsaya a wurin ajiye motoci na wani bene. Na ce masa nan ne rumfar, nan kakanka ke miƙe ƙafa, can bayan katangar nan mabuga suke. Mai gadin wurin, wani dattijon Bamoshe, ya taso ya tambaye mu abin da muke nema. Na gaya masa. Ya dube ni da kyau, ya juya harshe zuwa Hausa, irin Hausar lungunmu, ya ce shi ma a Tiedpalogo aka haife shi. Ya shiga ɗakinsa ya fito mana da benci.